Kurakuran da sababbin ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam suka fi yi

Duk shekara sababbin ɗalibai na tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda don fara karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma waɗanda suka zaɓi ilimin halayyar ɗan Adam sukan iso da guzurin da suka tsinto a fada da WhatsApp. Na daɗe ina yi wa ƙannena bitar darasi a nan Yamai, kurakuran kuwa kusan iri ɗaya ne.

Na farko ba ya cin lokaci. Da ka ce wannan fanni kake karanta, sai wani ya ce: "To, gaya mini abin da ke raina." Fannin ba duba ba ne. Lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a birnin Leipzig na Jamus a 1879, abin da ake aunawa shi ne irin tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. Awo da ƙidaya ke nan tun daga tushe.

Wanda ya fi kama mutane, har da masu digiri, shi ne "wallahi ni ake nufi". Mutum ya karanta bayanin tauraronsa ko ya amsa tambayoyi goma a Facebook, a ce masa yana da zurfin ciki, yana son a yaba masa, wani lokaci yana shakkar shawarar da ya yanke. Sai ya riƙe baki. A 1948 wani malami a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, daga baya ya miƙa wa kowa takarda da sunan sakamakonsa. Ya ce su ba takardar maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya haura 4. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin taurari ya tsinto jimlolin. Riga ce da aka ɗinka da faɗi, kowa ya sa sai ta shige shi. Gyaran mai sauƙi ne, na sha gwada shi ana shan shayi: kwafi bayanin, goge sunan tauraron, ka tura wa abokai biyar da aka haifa a watanni daban-daban. In duk sun ce su ne, bayanin bai faɗi komai a kan kowa ba.

Sai ruɗa abin da ya zo tare da wani da abin da ya haddasa shi. Wata gwaggota har gobe tana hana yara cin gasasshiyar masara da damina, wai ita ke kawo masassara. Ba ƙarya ta gani ba: lokacin da masara ta cika bakin titi, lokacin ne asibitoci ke cika. Amma ruwan sama ne ya kawo duka biyun, ya nuna masara, ya kuma tara kududdufan da sauro ke hayayyafa a ciki. A takardun ɗalibai kuskuren kan sauya kaya: "Masu yawan riƙe waya sun fi damuwa, saboda haka waya ke jawo damuwa." Wataƙila. Amma ƙila mai damuwar ne ke fakewa da waya, ko rashin aikin yi ne ke haifar da duka. Kafin ka rubuta "saboda", nemi na ukun da ke laɓe.

Akwai kuma neman shaidar da za ta goyi bayanka kaɗai. A 1960 Peter Wason a Ingila ya ba mutane lambobi 2, 4, 6, ya ce su gano ƙa'idar da ke bayansu ta hanyar kawo nasu jerin. Yawancinsu suka yi ta kawo irin 8, 10, 12, ana ce musu daidai, suka tabbata ƙa'idar ita ce ƙara biyu. Alhali ƙa'idar kawai lambobi su riƙa hawa. Da sun gwada 1, 5, 30, da sun gane. Wannan ya yi daidai da ma'aunin da masanin falsafa Karl Popper ya kafa tun kafin nan: maganar da babu wani sakamako da zai iya ƙaryata ta ba kimiyya ba ce. Mai maganin da ke cewa in ka warke aikinsa ne, in ba ka warke ba kai ne ba ka yarda ba, ya toshe ƙofar gwaji da kansa.

Kada a ɗauka sai macuci ke yaudara. A Berlin an yi wani doki, Hans, da ake cewa ya iya lissafi, yana buga kofato har ya kai amsa. Mai shi ya yarda da haka tsakani da Allah. Wani masani, Oskar Pfungst, ya bincika, ya fitar da sakamako a 1907: idan mai tambaya bai san amsar ba, ko aka hana dokin ganinsa, lissafi ya rushe. Motsin kai da fuskar mutane yake karantawa. Shi ya sa a gwajin magani mai kyau ake ɓoye wa majinyaci da likita wa ya samu na gaskiya, wa ya samu ƙwayar banza. "Na sha na warke" bai isa ba, mura ma da kanta take tafiya cikin mako guda ko makamancin haka.

Zancen cewa kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi, ku bar wa masu sayar da horon "buɗe basira". Hoton ƙwaƙwalwa na nuna aiki a ko'ina, kuma ɗan rauni a ƙaramin wuri na iya ɗauke magana.

Wata ɗaliba ta taɓa ce mini: "Yaya, ai a Amurka aka yi binciken," wai hakan kaɗai ya isa a yarda da shi. Na ce mata a 2015 wata tawagar masana ta maimaita gwaje-gwaje 100 na wannan fanni da aka buga a manyan mujallu, ƙasa da rabi ne suka sake ba da sakamakon farko. Yanzu duk binciken da ta kawo a takardarta, takan rubuta a gefe da jan biro mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, da kuma ko wani ya maimaita.