Yadda ake kwanan tanti a kwazazzabon Korouoma lokacin hunturu ba tare da zufa ta kashe ka ba

Duk shekara sai sababbin ɗalibai 'yan gida da suka zo karatu Finland sun ga hoton ruwan nan da ke zubowa daga dutse ya daskare a tsaye, sai ka ji ana cewa mu je mu kwana a wurin. Na raka mutane fiye da sau ɗaya, kuma abun da ke ba su wahala kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Korouoma kwazazzabo ne a yankin Posio, can kudancin Lapland da ke arewacin Finland, tsawonsa wajen kilomita 30, wani wurin zurfinsa ya kai mita 130, akwai ɗan kogi da ke bi ta ƙasansa ana ce masa Korojoki. Daga Rovaniemi tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa biyu a mota. Za ka ajiye mota a Saukkovaara, daga nan ka gangara da ƙafa, akwai hanya mai zagaye ta kilomita 5 da ke bi ta gaban ƙanƙarar.

Da farko zaɓi lokaci. Ni dai ban yarda sabon shiga ya je a Disamba ko farkon Janairu ba, hasken rana ba ya wuce awa biyu zuwa uku, kafin ka gama kafa tanti duhu ya rufe ka. Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris shi ne daidai. Sannan in ka duba hasashen yanayi a waya ka ga digiri -15 a ma'aunin Celsius, to ka shirya wa -25, domin iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare gangarowa take yi ta kwanta a ƙasan kwari inda kai kake barci, musamman daren da sama ta yi garau ba gajimare.

Kaya kuwa abu uku ne ba a tsimi a kansu. Jakar barci, cikin lambobin sanyin da aka rubuta a jikinta ka duba ta jin daɗi ba waccan ta ƙarshe ba, waccan ma'anarta kawai ba za ka mutu ba. Shimfiɗa, guda biyu nake so, ta soso a ƙasa ta hurawa a sama, jimillar lambar R ɗinsu, wato ma'aunin yadda shimfiɗa ke tare sanyin ƙasa, ta kai 5 ko fiye, saboda ƙasa ta fi iska tsotse ɗumin jiki. Sai risho mai amfani da fetur ɗin girki, ba ƙaramin gas ba, gas ɗin butan da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifiri ya daina fita da ƙarfi, za ka ji gwangwanin a cike amma wutar kamar ta kyandir. Kuma kar ka ce sai ka sayi sabo, kuɗin zai iya cinye na hayar ɗakinka, ka leƙa Tori.fi, shafin intanet na saye da sayar da kayan hannu, ko shagunan gwanjo da suke kira kirppis, ko ka ara wurin abokan karatu 'yan ƙasar, ba sa rowar irin wannan in ka mayar a bushe.

To yanzu ga inda nake so a tsaya a saurare ni. Zufa. Mu da muka taso da sanyin hunturun gida mun saba in sanyi ya zo sai a jibga kaya, riga kan riga, a ɗaura rawani, a zauna bakin wuta. A can in ka yi haka kana tafe da jaka mai kilo 20 a baya ka cuci kanka. Zuwana na farko na sa singiletin auduga a ciki, na ɗora suwaita biyu, na kawo ƙatuwar jaket na rufe har wuya, na gangara, na kama shebur ina gyaran wurin tanti ina jin daɗi wai ni ba na jin sanyi. Ashe bayana ya jiƙe sharkaf. Ina tsayawa in kunna risho, minti goma ba a yi ba haƙorana suka fara haɗuwa, yatsuna suka ƙi riƙe ashana, na ga karan ashana a hannuna amma ba na jin sa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba, abokin tafiyata ne ya tilasta min na tuɓe a cikin wannan sanyin na sa busasshiyar rigarsa, singiletin da na jefar gefe kuwa kafin mu gama shayi ya sandare kamar busasshiyar fata.

Saboda haka dokata ita ce, auduga ba ta gangarawa kwarin nan, ko singileti ko safa ko gajeren wando, ulu kawai ko yadin roba na 'yan wasanni, domin auduga in ta jiƙe ta riƙe ruwan kenan ta manne a jiki. Ka bar mota kana ɗan jin sanyi, eh kana ɗan rawar ɗari ma, bayan minti goma jiki zai ɗau zafi da kansa. Da ka ji ɗumi ya fara taruwa a hammata ko tsakiyar baya ka tsaya ka buɗe zif, ka cire hula, ka rage sauri, kar ka ji kunyar tsayar da mutane. Babbar jaket ɗin tana saman jaka, ba a sa ta sai an tsaya, kuma ana tsayawa ake sa ta nan take tun ɗumin bai gudu ba, ba sai ka fara jin sanyi ba. In za a tashi a cire ta a mayar. Haka za ka yi ta yi, sa cire sa cire, yana da ban haushi amma shi ne aikin. Kuma riga ɗaya da wando da safa na barci suna cikin leda a ƙulle, ko me ya faru da rana ba a taɓa su.

Wurin tanti ka nemi kusa da rumfunan katakon nan da suke kira laavu, nan ne aka yarda a hura wuta, galibi akwai itace a ajiye amma kar ka dogara da shi, kuma ba a saran bishiya, wurin a ƙarƙashin kariya yake, hukumar gandun dajin ƙasar, Metsähallitus, ke kula da shi. Kar ka kafa a gindin ƙanƙarar da ke rataye komai kyaun hoton, gutsure ɗaya in ya ɓalle ya isa. Kar ka taka saman kogin, ruwa na gudu a ƙasa. Tattake dusar ƙanƙarar da kyau ka bar ta kamar rabin awa ta yi tauri kafin ka shimfiɗa tanti. Turakun da suka zo da tantin ba sa kamawa, ɗaura igiyar a tsakiyar ɗan icce ka binne shi a kwance ka tattake.

Ruwa, in za ka narka dusar ƙanƙara fara zuba ɗan ruwa a tukunya, in ba haka ba gindin ne zai ƙone ruwan ya yi ƙauri. Ba a girki a cikin rufaffen tanti, iskar da ke fita daga risho ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Abinci mai maiƙo, kilishi, dambun nama, gyaɗa, man shanu a cikin taliya, dabino kuma a aljihun ciki in ba so kake ka karya haƙori ba. Alwala da ruwan ɗumi na cikin filas, ka goge jiki tas nan take, ni huffi nake sawa tun daga gida in riƙa shafa.

Lokacin kwanciya cika gora mai jure zafi da tafasasshen ruwa, sa ta cikin safa, tura ta jakar barci wajen cinya. Waya da batirin tocila su ma ciki. Takalmi a leda a ƙarƙashin ƙafafu don kar ya daskare. Kar ka cusa hanci cikin jakar kana numfashi, danshi ne kake zubawa, kuma bar ƴar kafa a buɗe a saman tanti. Fitsari ya matse ka tashi ka yi, kar ka riƙe.

Kafin ka gangara faɗa wa wani ranar da za ka fito, sa manhajar kiran agajin gaggawa ta 112 Suomi a waya, amma ka sani sabis na iya ɗaukewa a ƙasan kwarin. Da safe kakkaɓe raɓar da ta daskare a cikin tanti kafin ta narke, kwashe sharar ka duka, sannan ka cire babbar jaket kafin ka kama hawan komawa Saukkovaara, hawan nan ya fi gangarowar sa zufa.