Yadda Za Ku Fara Zaman Bishara a Gidajenku Idan Fada Ya Yi Nisa

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, Katolika da yawa a Sudan suka ɗanɗana Lahadi ba Mas. An rufe coci-coci, an lalata wasu, Fada da Sista da dama sun bi jama'arsu gudun hijira, iyalai suka watsu zuwa Kosti, Atbara, Gadarif da nan Bur Sudan inda nake ɗinki. Mu masu jin Hausa dama 'yan kaɗan ne a cikin ikilisiya. Hausawan Sudan kusan dukkansu Musulmi ne, jikokin mahajjata da na waɗanda suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu kuwa aiki, karatu ko aure ne ya kawo mu daga Kaduna, Jos, Zariya da Nijar. Ko inda coci yake a buɗe, kuɗin raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ya yi tsada, Lahadi ranar aiki ce ga yawancinmu, wa'azin kuma da Larabci ake yi, wanda wasunmu na kasuwa kawai suka iya.

Shi ya sa nake roƙonku, 'yan'uwa, ku fara taruwa a gida, ku zauna da Bishara. Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Bulus ya gai da ikilisiyar da ke taruwa a gidan Bilkisu da Akila a Romawa sura 16. A 1964, da gwamnatin Janar Abbud ta kori 'yan mishan na ƙasashen waje daga kudancin Sudan, katikis da iyaye mata ne suka riƙe bangaskiya a ƙauyuka tare da 'yan firistocin ƙasa da suka rage. Majalisar Vatican ta Biyu ta faɗa a sarari cewa duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo a aikin Almasihu, ba masu riga kaɗai ba. Bishop-bishop na Gabashin Afirka, ƙungiyar AMECEA wadda Sudan take ciki, sun ɗauki ƙananan zumuntar Kirista a matsayin babban aikinsu tun shekarun 1970. Tsarin da muke bi ma daga Afirka ya fito, daga cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu, mai matakai bakwai. Na koye shi a Zumuntar Mata tun ina gida, amma a nan na gane amfaninsa.

Ku fara da mutanen da za su iya zuwa da ƙafa. Mutum shida zuwa goma sha biyu sun isa; idan aka wuce haka, masu kunya za su yi shiru, masu baki su cinye zaman. Kafin zama na farko ku sanar da Fada ko Baba Katikis, ko da ta waya ce. Wannan ba neman izinin yin addu'a ba ne, don kada ku zama wani coci dabam ne. Sannan ku gaya wa mai gidan da kuke haya da maƙwabcin da kuka haɗa katanga. A wannan zamani, baƙin fuskoki suna shiga gida ɗaya kowane mako abu ne da ke ta da hankalin unguwa. Ni da kaina na je na ce wa mai gidanmu, “Baba Alhaji, ranar Juma'a da yamma 'yan'uwana za su riƙa zuwa mu yi addu'a, ba ganga, ba lasifika.” Ya ce Allah ya karɓa, mu sa da shi.

Juma'a bayan la'asar ta fi dacewa da mu: ranar hutu ce, zafi ya sauka, ana kuma tashi kafin duhu. Awa ɗaya da 'yan mintoci ya isa. Ku riƙa zagaya gidaje, har da gidan wanda ɗakinsa rumfar buhu ce. Kada a tsallake shi da sunan tausayi, domin ranar da aka zauna a tabarmarsa ce yake sanin shi ma ɗan gida ne. Abin da ake bukata kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki, gicciye, kyandir idan akwai, da ruwan sha. Ku yanke tun farko cewa mai masauki ba zai dafa komai ba. Idan aka fara da jabana (gahawa) da zalabiya (soyayyen fulawa irin fanke) a gidan mai hali, marar hali zai fara ba da uzuri.

Nassin da za a karanta kada ya zama zaɓin ran shugaba. Ku ɗauki Bisharar Lahadi mai zuwa, wadda dukan ikilisiya za ta ji daga Roma har El Obeid. Karatun yana zagayawa ne cikin shekara uku: shekarar A Matta, B Markus, C Luka, Yohanna kuma yana shigowa musamman lokacin Ista. Duk shekarar da uku ta raba ta ba saura, C ce. 2025 C, 2026 A, sabuwar shekarar ikilisiya kuwa tana farawa ne da Lahadin farko na jiran Kirsimeti. Wanda ya sami intanet ya kwafo jerin karatun wata guda a takarda, don wuta da layi ba abin dogara ba ne.

Ga yadda zaman yake tafiya. A zauna a da'ira, kowa yana ganin fuskar kowa. A yi alamar gicciye, mutum ɗaya ya gayyaci Yesu da kalmominsa, gajeru, kamar yadda ake yi wa babban baƙo maraba a bakin ƙofa. Shi ne ya yi alkawari a Matta 18:20 cewa inda biyu ko uku suka taru da sunansa, yana tsakiyarsu. Sai a faɗi sura da aya, a jira kowa ya buɗe, wani ya karanta a hankali. Wani dabam ya sake karantawa. A wurinmu karatu na biyu da Larabci ne, saboda akwai 'yan'uwa daga Dutsen Nuba da Sudan ta Kudu da suke zama da mu, da kuma yaranmu da aka haifa a Omdurman, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu.

Bayan karatu, kowa ya ɗauki kalma ɗaya ko guntun jimla da ta taɓa shi, ya faɗe ta a fili sau biyu ko uku, a hankali, ba bayani. “Kada ku ji tsoro.” A ɗan dakata. Wata ta ce, “Ku ba su abinci da kanku.” A nan ne wanda bai iya karatu ba yake daidai da mai digiri, domin kunne kawai ake bukata. Akwai wata tsohuwa a cikinmu, Kaka muke ce mata, ba ta san baƙi ba, amma sau da yawa kalmar da ta ɗauko ita ce take bin mu har mako ya ƙare.

Sannan shiru. Shugaba ya ce, “Za mu yi shiru na minti uku, mu bar Allah ya yi mana magana,” ya kuma riƙe agogo. Wannan mataki ne ya fi wuya, shi ne kuma na fi so ku tsare. Mu mutanen waƙa ne, shiru yana sa mu ƙaiƙayi, wani zai so ya ta da amshi don ya cike gurbin. Ku hana shi cikin ladabi. Mutanen da suka kwana ƙarƙashin gado suna jin harsashi, suka bar gawar nasu ba su binne da hannunsu ba, suna ɗauke da abin da surutu yake dannewa. A cikin shirun nan ne yake fitowa a gaban Allah. Idan wani ya yi kuka, a bar shi. Idan kiran sallah ya zo daga masallacin unguwa, ba ya ɓata komai. Ku ci gaba da shirunku har a gama. Da kun saba, ku kai shi minti biyar.

Bayan shiru sai a buɗe zuciya. Ƙa'idar ita ce kowa ya yi magana da “ni”, kada ya ce “ku” ko “mutane”. Wanda ya ce, “Ya kamata Kirista su yafe,” wa'azi yake yi. Wanda ya ce, “Wannan aya ta tuna mini da wanda ya kwashe kayan ɗakina a Bahri, har yau na kasa sa shi a addu'a,” ya ba mu abin da za mu ɗauka tare da shi. Ba a gyara wa mutum abin da ya faɗa, ba a yi masa gardama, ba a tilasta wa kowa magana. Abin da aka faɗa a tabarma, a tabarma yake tsayawa. Ranar da sirrin wata ya fita kasuwa, zaman ya mutu. Idan tambayar koyarwa ta taso, misali a kan aure da wanda ba Katolika ba, a rubuta ta a kai wa Fada. Maganar wane ɓangare ne mai gaskiya a yaƙi, da wace ƙabila ce ta yi me, a bar ta a waje. Muna addu'a domin matattun kowa.

Aikin shugaba a nan shi ne tsaron ƙofa. Idan wani ya ɗauki minti goma, sai a ce, “Mun gode, Yaya, bari mu ji Mama ita ma.” Shugabancin ya riƙa zagayawa, mata da matasa su ma su riƙe. Wanda ya fi kowa sanin Littafi shi ya fi dacewa ya yi magana a ƙarshe.

Mataki na shida, na aiki, shi ne yake raba zaman Bishara da hirar ta'aziyya. A tambaya: me Ubangiji yake so mu yi a wannan mako? Amsar kada ta zama “mu ƙara ƙauna”. Ta zama aiki ɗaya, da sunan mai yi, da rana. Wa zai raka mai ciwon suga asibiti ranar Litinin? Wa zai je makarantar da 'yan gudun hijira suke kwana ya ga matar da ta haihu? Su wa za su taimaka da wanke tukwane a takiyya, ɗakin girkin da matasan unguwa suke ciyar da jama'a? A rubuta a ƙaramin littafi, mako mai zuwa kuma a fara wannan mataki da jin abin da aka yi. Tsarin da Kadinal Joseph Cardijn ya koya wa matasa ma'aikata a Beljiyam yana taimakawa: a duba, a auna da Bishara, a aikata. Yakubu ya riga ya faɗa a wasiƙarsa sura 2 cewa ce wa mai yunwa “sauka lafiya” ba tare da ba shi komai ba, banza ne.

Kada taimakon ya tsaya ga 'yan coci. Maƙwabtanmu Hausawa Musulmi ne suka fara ba wa da yawanmu tabarma da kisra, gurasar dawa ta Sudan, da muka iso. Aikin bishararmu a tsakaninsu shi ne zuwa gaisuwar mutuwa, zuwa suna, riƙon amana a ciniki, da amsa gaskiya cikin natsuwa idan an tambaye mu abin da muka gaskata. Ba ma ɗaura wa buhun dawa sharaɗi. Idan za ku tara kuɗi, mutum biyu su riƙe, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata.

A rufe da addu'o'i gajeru daga bakin kowa, da Ubanmu, da A Gaishe Ki Maryamu, da waƙa ɗaya ba da ƙarfi ba. Mukan roƙi waliyyan ƙasar nan su yi addu'a dominmu: Josephine Bakhita, 'yar Darfur da aka sace aka sayar tana yarinya, wadda ake bikinta ran 8 ga Fabrairu, da Daniel Comboni da ya rasu a Khartum ran 10 ga Oktoba, 1881.

Ku san iyakarku. Wannan zama ba Mas ba ne. Ba wanda zai tsarkake gurasa da ruwan inabi, ko ya saurari furcin zunubi ya ba da gafara, ko ya shafa wa marar lafiya mai, sai firist. Duk ranar da hanya ta buɗe zuwa coci, ku tafi tare, ku haɗa kuɗin mota wa wanda ba shi da shi. Amma abu ɗaya kowa ya koya: idan jariri yana bakin mutuwa, ba Fada kusa, kowannenku zai iya yi masa baftisma. A zuba ruwa a kansa sau uku ana cewa, “Ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.” Sai a rubuta sunan yaron, na iyayensa, rana, wuri da shaidu, a kai wa Fada don ya shigar a littafin ikilisiya.

Idan kun kai goma sha biyar, ku rabu biyu, ko da ba kwa so. Ku ba sabon rukunin mutum biyu da suka riga suka iya jagora, ku sa musu ranar zamansu na farko kafin a tashi, sannan ku riƙa haɗuwa gaba ɗaya sau ɗaya a wata uku, ranar da Fada ko Baba Katikis zai iya zuwa.