Kafin ku fara kiwon murjani a Kano

'Yan uwa, mai son kiwon murjani da kifin teku a akwatin gilashi, zafi da wuta ne matsalarsa. Murjani, wato halittar teku mai rai da ake yin duwatsun ado da wani nau'inta, na son ruwa digiri 24 zuwa 26, mu kuwa a Afrilu ɗaki kamar tanda yake. Ni dai an ɗauke wuta kwana guda, injin juya ruwa ya tsaya, washegari murjanina ya yi fari fat. Ku tanadi inbata da 'yar fanka tukuna.

Wajen haɗa ruwa irin na teku, gishirin miya ba ya yi, na musamman ake saye, a zuba kusan giram 35 a kowace litar ruwa. In ruwa ya ragu, tataccen ruwa zalla ake ƙarawa, gishiri ba ya bin tururi. Kifi kuwa sai bayan mako shida da haɗa akwatin ake saka shi.