Matakan Ceton Wanda Ruwa Ke Neman Ci

Masu karatu sun sha tambayata abin da ya kamata mutum ya yi idan ya ga wani yana nutsewa a bakin teku ko a wurin ninkaya. Ga matakan bi da bi.

1. Ka ƙwala wa ma'aikacin ceto kira.
2. Ka sa wani ya buga lambar agajin gaggawa.
3. Kada ka ɗauke idonka daga kansa, domin mai nutsewa ba kasafai yake iya ihu ba, kuma yakan ɓace cikin daƙiƙa 20 zuwa 60.
4. Ka kwanta rub da ciki a bakin ruwan.
5. Ka miƙa masa sanda, idan kuwa ya yi nisa ka jefa masa rigar ceto.

Gargaɗi: kada ka faɗa ruwan in ba ka da horo, saboda wanda ya firgita yakan ƙanƙame mai cetonsa su nutse tare.

6. Ka jawo shi a hankali.
7. Ka duba numfashinsa na daƙiƙa 10.
8. Idan ba ya numfashi, ka riƙa hura masa iska sau 2, sannan ka danna ƙirjinsa sau 30. Kada ka matse cikinsa wai don ruwa ya fito.
9. Ka kai shi asibiti ko da ya farfaɗo.