Kurakuran masu zuwa kallon jaguwa a fadamar Pantanal

Abin da ya fi ɓata wa mai zuwa Brazil don ganin jaguwa (babbar dabbar daji mai kama da damisa) tafiya shi ne zaɓen wuri. Ya ji an ce dajin Amazon ya fi ko'ina yawan wannan dabba, sai ya nufi can. Zancen gaskiya ne, amma dajin ya yi duhu ƙwarai, mutum zai iya ƙare hutunsa bai ga ko jelarta ba. Inda ake ganinta ido da ido shi ne Pantanal, babbar fadamar da ta mamaye sassan jihohin Mato Grosso da Mato Grosso do Sul, har ta leƙa Boliviya da Faraguwai. Daga birnin Cuiabá ake bi ta Poconé, a hau Transpantaneira, hanyar da ba kwalta mai kusan kilomita 147 da gadoji fiye da 100, a sauka Porto Jofre. Daga nan sai kwalekwale mai inji a kogin Cuiabá da rassansa.

Kuskuren lokaci ma yana cin mutane, musamman mu da muka saba da damina a Agusta. Can lamarin a juye yake. Ruwa yana sauka ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris, fadama ta cika, dabbobi su watsu, hanya ta lalace. Daga Yuli zuwa Oktoba ruwa ke janyewa, kadoji da kafibara (ƙaton ɗan uwan ɓera mai zaman bakin ruwa) su taru a gaɓa, ita kuma jaguwa ta biyo su, ko ta kwanta kan yashi tana shan iska. A ware kwana uku ko huɗu a kan ruwa. Wanda ya ba abin wuni ɗaya, sa'a kawai yake nema.

Akwai masu dawowa su ce damisa suka gani. Jaguwa ta fi damisar Afirka kauri da girman kai, jelarta ta fi gajarta, kuma zoben da ke fatarta yana da ɗigo baƙi a tsakiya, na damisa kuwa babu. Girman ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Namiji a Pantanal yakan kai kilo 100, wani ya wuce, alhali na ƙasashen Tsakiyar Amurka irin su Beliz bai fi kusan rabin haka ba. Abinci ne ya kawo bambancin: inda kada da kafibara suka wadata, jiki na ginuwa. Tana fasa ƙoƙon kan kada da cizo ɗaya.

Wanda ya ga jaguwa biyar a Porto Jofre kada ya ɗauka haka suke barkatai a nahiyar Amurka. Waɗannan sun saba da ƙarar inji ne shekara da shekaru, shi ya sa ba sa gudu. A faɗin nahiyar, dabbar ta rasa kusan rabin yankunan da take rayuwa a da, kuma ƙiyasin masana kan yawanta ya sha bamban, daga kusan 64,000 zuwa 173,000, saboda kowa da hanyar ƙirgarsa. Don haka a daina kawo adadi ɗaya kamar an yi musu ƙidaya gida-gida. Gobarar 2020 ta cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na Pantanal, ta kuma ƙone mafi yawan gandun Encontro das Águas, wato daidai inda masu kallo ke taruwa.

Wanda ya fi damuna shi ne matsa wa direban kwalekwale ya ƙara kusa don hoto. Idan kwalekwale ya tsaya tsakanin jaguwa da kadan da take fako, ranar ta kwana da yunwa, in mai shayarwa ce har da 'ya'yanta. Mafi muni shi ne jefa mata nama ko kifi. Wadda ta koyi haɗa mutum da abinci za ta kusanci masunta da makiyaya, ƙarshenta harsashi. A ɗauki madubin hangen nesa da kyamara mai jawo hoto, a zauna shiru, a bar direba ya kashe inji daga nesa. Tun kafin a biya kuɗi a tambayi kamfanin yawon ko suna jawo jaguwa da abinci, in sun yi kame-kame a nemi wani.