Kurakuran lissafin sake sarrafa shara a manhajar nazarin zagayen rayuwar kaya

Ɗalibai da injiniyoyin Yamai da ke auna illar kaya ga muhalli, tun daga haƙo ma'adini har ranar da za a jefar da su, sukan yi aiki mai kyau a manhajar openLCA ko ta SimaPro, sai a matakin ƙarshe lissafin ya karkace. Manhajar ba ta tsawatarwa, duk abin da aka ba ta shi take haɗawa.

Kuskuren da ya fi muni shi ne cin lada sau biyu. Rumbun bayanai na ecoinvent, wanda ake tattarawa a Suwizalan, yana zuwa da tsare-tsare dabam-dabam, kuma wanda aka fi saukewa shi ne tsarin yankewa: wanda ya fara ƙera abu shi ke ɗaukar nauyin illar haƙowa da narkarwa baki ɗaya, mai amfani da tarkace kuwa yana karɓarsa ba tare da wannan nauyi ba. Saboda haka idan mutum ya shigar da alminiyam mai gaurayen tsoho a farkon aiki, ya riga ya ci rangwame. In ya sake cire nauyin illar sabon alminiyam a ƙarshe, da hujjar cewa za a narkar da kayan, ya ci na biyu. Tun da narkar da tsohon alminiyam yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da sabo ke ci, wannan kuskure kaɗai yana iya juya sakamakon nazari. Gyaran shi ne a tsaya kan hanya ɗaya: ko a yanke lissafi inda masu tara tarkace suka karɓi kaya, ko a ba da lada kan rarar kawai, wato tarkacen da ya fita bayan an ɗebe wanda ya shiga. Ƙa'idar ISO 14044 ta 2006, wato ƙa'idar duniya ta irin wannan nazari, ta buƙaci a bayyana hanyar rabon nauyin da aka bi, a kuma gwada wata don a ga yadda sakamako zai canza.

Alamar ragi ma tana ruɗa mutane, domin ecoinvent yana rubuta shara da ita. Idan zubar da shara ya fito kamar yana rage hayaƙi, a koma a duba alamar.

Wanda ya fi damuna kuwa shi ne aron ƙarshen rayuwar kaya daga Turai. A kasuwar Katako da ke Yamai ana narkar da tarkacen alminiyam a zuba tukwane, galibi da wutar gawayi, kuma wannan aiki ba ya kama da na masana'antar Jamus, ko a makamashi ko a hayaƙi. Wajibi ne a gina masa nasa matakin: a je wurin maƙeran, a auna gawayin da ya ƙone, tarkacen da aka zuba, da nauyin tukwanen da suka fito, domin kilo ɗayan da aka tara ba ya komawa kilo ɗaya na ƙarfe mai amfani. Haka nan ledar ruwan sha da aka narkar aka yi daɓen tsakar gida da ita, gurbin siminti ta maye, don haka bai halatta a rubuta mata ladan sabuwar roba ba. Kason da ke ƙarewa a juji, ko a ƙone shi a fili, ko ya toshe magudanun ruwa da damina, shi ma a ba shi layinsa a manhajar, da adadin da aka auna a unguwar da ake nazari.