Darasi Na 7: Yadda Ƙwayar Halitta Take Rabuwa Biyu

Kowa ya duba hannunsa ya nemo wani tsohon tabo. Ranar da aka yanke wajen jini ya fito ya daskare, ya yi ɓawo, bayan sati ɗaya ko biyu ɓawon ya faɗi sai ga sabuwar fata a ƙarƙashi mai ɗan haske. To ita fatar nan daga ina ta zo? Ƙwayoyin da ke bakin ciwon ne suka yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, har suka cike gurbin.

Jikinmu kaf ginin ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira ƙwayoyin halitta, ido ba ya ganinsu sai an sa madubin likita wato maikuroskof. Babban mutum yana ɗauke da wajen tiriliyan 30 ko fiye, kuma duk daga ƙwaya ɗaya tal suka faro a cikin uwa. Wannan rabuwar ita ake kira maitosis, wani Bajamushe Walther Flemming ne ya raɗa mata sunan a 1882 daga kalmar Girkanci mai nufin zare, don shi abin da ya gani a madubi ke nan, wasu zarurruka suna jeruwa suna rabuwa.

Zaren nan shi ne kuromosom, a jikinsa DNA yake, wato rubutun da ke gaya wa ƙwaya aikinta. Ƙwayar ɗan Adam tana da guda 46 a cibiyarta, in da za a warware su a miƙe za su kai kusan mita 2, a cikin abin da ido ma ba ya gani fa! Kafin ta rabu sai ta girma tukuna ta kwafi kowane ɗaya, kuma nan ne lokaci yake tafiya, ƙwayar da ke zagayowa cikin awa 24 ita rabuwar kanta kusan awa ɗaya kawai take ci.

In lokaci ya yi sai zarurrukan su naɗe su yi gajeru masu kauri, kowanne manne da kwafinsa kamar harafin X, rufin cibiyar ya narke, su zo su yi layi a tsakiyar ƙwayar, wasu siraran igiyoyi daga gefe biyu su kama su. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ba a fara ja sai kowane kuromosom ya kamu ta gefe biyun, ko guda ɗaya ya rage sai a jira shi. Daga nan sai a ja, 46 su yi nan 46 su yi can, kowane rukuni ya samu sabon rufi, ƙwayar ta tsuke a ƙugu kamar an ɗaure balan-balan da zare har ta tsinke biyu. Ƙwayar tsiro ita ba ta tsukewa, bango take ginawa a tsakiya.

Ba duk ƙwayoyi ke wannan aikin daidai ba. Na cikin hanji 'yan kwanaki ake canja su, ɓargo kuma, inda ake yin ƙwayoyin jini, kullum cikin aiki yake don jan ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu, amma yawancin ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa in sun girma sun daina rabuwa. In kuma birkin ya lalace ƙwaya ta yi ta rabuwa ba tsayawa, shi ne ciwon daji, shi ya sa wasu magungunansa masu kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa suke zubar da gashi, don saiwar gashi ma cikinsu take.

Aiki: ku ɗauki biro ku rubuta 1, ku ninka ya zama 2, ku sake ya zama 4, haka har sau 10. Wanda ya samu 1,024 ya yi daidai, sai ya ƙara sau 10 ya kawo amsar a darasi na gaba.